Wane ne aka yarda a daka?

Ranar 25 ga Mayu 2020, a birnin Minneapolis na Amurka, wani ɗan sanda farar fata mai suna Derek Chauvin ya danne wuyan George Floyd da gwiwa fiye da minti tara, har rai ya yi halinsa. Abin da ake tuhumar Floyd da shi, wai ya sayi taba da jabun takardar dala 20. Wata yarinya ƴar shekara 17 ta ɗauki hoton abin da wayarta, kuma kafin sati ya zagayo hoton ya iso fadojin Yamai, yana yawo daga waya zuwa waya. Duk wanda ya kalla ya ji shi a wuyansa. Ba mu san Floyd ba, ba mu taɓa taka Minneapolis ba, amma mun gane fuskar, don irin tamu ce.

To, ƴan uwa ɗalibai, akwai tambayar da ke biyo bayan wannan fushi, kuma ba kowa ke son a yi ta ba. Can, Bature ne ya danne baƙi, sai muka ce wariyar launin fata ce, kuma gaskiya muka faɗa. Nan fa? A nan hannun da ke riƙe da kulki baƙi ne, bayan da kulkin ke sauka a kai baƙi ne, mai ba da umarni baƙi ne. Laifi ɗaya ne da na can, ko wani laifi ne dabam? In kuwa ɗaya ne, mene ne sunansa, tunda launi ya fita daga lissafi?

Gada biyu

Ranar 7 ga Maris 1965, baƙaƙen fatar Amurka kusan 600 suka taso daga garin Selma na jihar Alabama, suna neman a bar su su yi rajistar zaɓe. Da suka ƙetare gadar Edmund Pettus sai suka tarar da ƴan sanda na jiran su da kulake da dawaki da barkonon tsohuwa. Aka fasa wa John Lewis kai, shi da daga baya ya shafe shekaru fiye da 30 a majalisar dokokin ƙasar. Hoton dukan ya fita a talabijin, kuma a watan Agusta na wannan shekara aka sa hannu kan dokar da ta kare musu ƴancin zaɓe.

Mu ma muna da gada. Ranar Juma'a 9 ga Fabrairu 1990, zamanin Janar Ali Saibou, ɗaliban jami'a suka taso daga Harobanda za su ƙetare kogi su shiga gari, suna adawa da matakan tsuke bakin aljihu da za su rage kuɗin karatu da tallafin ɗalibai. A gadar Kennedy jami'an tsaro suka buɗe musu wuta. Alio Nahantchi, Issaka Kaïné da Abdou Mamane Saguirou ba su koma ɗakunansu ba. Jininsu ya girgiza mulkin jam'iyya ɗaya: kafin shekarar ta ƙare an amince da jam'iyyu da yawa, a watan Yuli 1991 aka buɗe taron ƙasa. Duk da haka, kowace 9 ga Fabrairu USN tana fitowa tana maimaita buƙata guda, a yi shari'a.

Mutanen da ke kan gadojin nan biyu ba su ɗauke da makami. Dukansu suna neman abin da suke ganin haƙƙinsu ne. A Selma wanda ya ɗaga kulki fari ne, a Yamai wanda ya ɗana kunama ɗan ƙasa ne, wataƙila ma garinsu ɗaya da wanda ya harba. Abin da ya haɗa su shi ne tabbacin da kowannensu yake da shi, tun kafin ya bar bariki, cewa mutanen da ke gabansa irin waɗanda aka yarda a daka ne, kuma ba wanda zai tambaye shi gobe.

A ganina nan ne gindin laifin. Kowace al'umma da ake irin wannan duka a cikinta ta riga ta jera mutanenta a kan tsani. Na sama, ko hularsa ba a taɓawa sai an shirya amsa. Na ƙasa, jikinsa fili ne. Wariyar launin fata ita ce mafi shahara kuma mafi muni daga cikin hanyoyin kafa wannan tsani, domin tun daga haihuwa take yanke wa mutum matakinsa, kuma ba ya iya tuɓe fatarsa ya ajiye. Amma tsanin yana iya tsayawa ko da kowa launinsa ɗaya. Sai a jera mutane da kuɗi, ko da asali, ko da unguwa, ko da irin Faransancin da ke bakinsu.

Daga ina muka gaji kulkin?

Tun ranar farko, Annasara bai yi dukan da hannunsa shi kaɗai ba. Rundunar Voulet da Chanoine da ta ratso ƙasar nan a 1899, ta ƙone garuruwa, ta yi wa Birnin Ƙonni kisan kiyashi, ta yi karo da Sarauniya a Lugu, Turawan cikinta ƴan kaɗan ne. Mafi yawan masu riƙe da bindigogin ƴan Afirka ne da aka ɗebo daga yamma. Da mulkin mallaka ya zauna, kwamandan ya samu dokar da ake kira indigénat, wadda ta ba shi ikon kulle baƙin mutum a kaso har kwana 15 ba tare da alƙali ya ji ta bakinsa ba. Dokar ba ta shafi Bafaranshe ba. Mai kamowa, mai ɗaurewa, mai tara mutane aikin tilas da karɓar haraji da bulala, gardi ne, ɗan ƙasa. Sai a 1946 aka soke indigénat da aikin tilas.

Ke nan ba don a tsare ran talaka aka kafa aikin ba. An kafa shi don a tsare mai mulki daga talaka. Ranar 3 ga Agusta 1960 tuta ta sake, kwamandan ya koma gida, ɗan ƙasa ya hau kujerarsa. Tambayar da ya kamata mu yi ita ce ko an zauna an sake wa aikin manufa, ko kuwa kaki kawai aka sake ɗinkawa. Ku lura da yadda tsohuwa daga ƙauye ke rawar jiki in an ce ana neman ta a jandarmari, ko da shaida kawai za ta bayar. Wannan tsoron ya girme ta, gadonsa ta yi.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. A Afirka ta Kudu, ranar 21 ga Maris 1960, ƴan sandan gwamnatin wariya suka kashe mutum 69 a Sharpeville. Ranar 16 ga Agusta 2012, shekara 18 bayan Mandela ya hau mulki, ƴan sandan gwamnatin baƙar fata suka kashe ma'aikatan haƙar ma'adinai 34 a Marikana. A Najeriya maƙwabciyarmu, a watan Oktoba 2020, wata biyar kacal bayan Floyd, matasa suka cika tituna suna neman a rusa rundunar SARS saboda azabtarwa da ƙwace da kisa, kuma ranar 20 ga watan sojoji suka buɗe wuta a Lekki. Babu Bature ko ɗaya a wurin.

Mai cewa kada a haɗa

Na san akwai ɗan uwan da zai ce: «Haba, kai ma dai! Kana so ka wanke Turawa ke nan. In ka ce duk ɗaya ne, gobe su ce ai ku ma kuna kashe junanku, mi kuke so da mu?» Wannan magana tana da nauyi, domin da ma hujjar da masu wariya ke fakewa da ita ke nan.

Amsa ita ce ba a wanke kowa ba. Launin fata yana kisa, kuma yana kashe mutanenmu. Amadou Diallo, ɗan Gine mai talla a New York, harsashi 41 ƴan sanda huɗu suka harba masa a ƙofar gidansa ranar 4 ga Fabrairu 1999. Walat ce a hannunsa. Kotu ta sallame su duka. Adama Traoré, ɗan asalin Mali, ya mutu a hannun jandarmomin Faransa ranar 19 ga Yuli 2016, ranar da ya cika shekara 24, kuma a 2023 alƙalan bincike suka ce babu shari'ar da za a yi wa jandarmomin. Ba sai mun ƙetare teku ba ma. Shekara da shekaru jami'an tsaron Aljeriya suna samame a unguwanni da wuraren gini, suna kwashe baƙaƙen fata, su zuba su a motoci, su sauke da yawansu a tsakiyar sahara, wajen kilomita 15 daga Assamaka, su ce su ƙarasa da ƙafa. Dubban mutane ake korowa kowace shekara, cikinsu har da mata da yara ƴan ƙasarmu. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun sha faɗa cewa da fata ake fara zaɓen wanda za a kama, takarda daga baya. Ɗalibinmu da ya tafi karatu Arewacin Afirka ko Turai, katin jami'arsa ba a goshinsa yake ba, fatarsa ake fara gani.

Saboda haka faɗan baƙar fata na duniya namu ne, ba aro muka yi ba. Abin da nake cewa kawai, wanda ya tsaya a launi ya ga rabin abin. Idan dalilinmu na ƙin abin da aka yi wa Floyd shi ne kawai mai gwiwar fari ne, to ranar da baƙi ya ɗora gwiwar ba mu da ta cewa. Idan kuwa dalilinmu shi ne babu ɗan Adam da ya halatta a danne wuyansa a kan titi, ko mene ne ake zargin ya yi, to wannan dalilin yana aiki a Minneapolis, yana aiki a Assamaka, yana aiki a Bukoki. Kuma shi ne ke rufe bakin mai wariya, don ya ga ba mu da ma'auni biyu.

«Ai ɓarawo ne»

Nan ne maganar ke zuwa gida, kuma laifi tudu ne. Ranar Litinin 10 ga Afrilu 2017, a zanga-zangar ɗalibai kan yanayin karatu da kuɗin tallafi, Mala Bagale, ɗalibin Jami'ar Abdou Moumouni, ya rasu. Hukumomi suka ce faɗuwa ya yi, ɗalibai suka ce gwangwanin barkonon tsohuwa ne ya same shi a ka. A kwanakin kuma wani hoton bidiyo ya bazu, ana ganin ƴan sanda suna jibgar wani ɗalibi da kulake a bayan mota. Gari ya ɗauka, aka kama ƴan sanda uku, kotu ta yanke musu shekara ɗaya-ɗaya a gidan kaso. Abu ne da ba a saba gani ba, kuma ya nuna cewa ana iya yi.

Amma mu tambayi kanmu, me ya sa aka iya? Saboda akwai hoto, kuma saboda wanda aka daka ɗalibi ne. Yana da USN a bayansa, yana da abokai masu iya rubutu, yana da malamai da lauyoyi da gidajen rediyo. Mu ɗalibai, duk da talaucinmu, ba a matakin ƙarshe na tsani muke ba. Akwai na ƙasa da mu: ɗan kabu-kabu, ɗan ga-ruwa, almajiri, ɗan cirani da ke kwana a rumfar Katako, yaron da aka kwasa a samamen dare don ba shi da katin ɗan ƙasa. In an mari ɗaya daga cikinsu, ba sanarwa, ba taron manema labarai, ba ranar tunawa.

Kuma akwai na ƙasa da su duka: wanda aka yi wa ihun ɓarawo. Kowa ya san abin da ke faruwa in aka yi wannan ihun a kasuwa. Mai ice ya ɗauko, mai dutse ya ɗauko, wanda ya iso daga baya ya fara duka kafin ya tambayi mi aka sata. Sau da yawa ma ɗan sanda ne ke ƙwatar sa da rai. Sannan in wayar wani ta ɓace aka kama wanda ake zargi, mai wayar da kansa ne ke cewa: «Ranka ya daɗe, a ɗan matsa shi, zai faɗa.» In ba a matsa shi ba sai a fito ana cewa an ba da cin hanci. Wannan mai wayar, wataƙila jiya ya sa hoton Floyd a Facebook.

To ku tuna, George Floyd ma tuhumar sa ake yi. Ga masu kare Chauvin, shi ma «ai mai laifi ne». Duk wani duka da aka taɓa yi a duniya yana da irin wannan «ai». Ai ɓarawo ne. Ai ɗan ƙwaya ne. Ai ba shi da takarda. Ai ƴan tada zaune tsaye ne, an biya su. Wannan ta ƙarshe ita ake liƙa wa ɗalibai duk ranar da suka fito. Wanda ya yarda a daki ɓarawo don ya faɗi gaskiya ya amince da ƙa'ida guda, cewa akwai sunan da in aka kira mutum da shi jikinsa ya halatta. Daga nan abin da ya rage kawai shi ne wa ke raɗa sunan, kuma ba mu ne ke raɗa shi ba. Hannun da ya saba da dukan ɓarawo a ɗakin bincike ranar Lahadi ba ya mance darasin in aka tura shi bakin kampus ranar Litinin. Shi ya sa Bahaushe ya ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Tsaninmu ma yana da matakin asali, wanda ya fi kama da na launi. Hadijatou Mani tana da shekara 12 aka sayar da ita a 1996, a ƙasar nan. Sai da ta kai ƙara kotun CEDEAO, wadda ranar 27 ga Oktoba 2008 ta yanke cewa ƙasar Nijar ta kasa kare ta daga bauta, ta ce a biya ta sefa miliyan 10. Mai kiran wani «ɗan bayi», mai hana aure saboda asali, bai kamata ya yi mamakin yadda Bature ya iya kallon Floyd bai ga mutum ba.

Shi kuma mai kakin fa?

Adalci ya ce a dube shi shi ma. Ɗan sandan da ke tsaye a rana a bakin gada ba daga sama ya faɗo ba. Ɗan talaka ne, wataƙila ajinmu ɗaya a lise, ya nemi aiki bai samu ba ya shiga gasar ɗaukar ƴan sanda. Ana jifan sa da duwatsu, kuma dutse ma yana fasa kai. Abokan aikinsa da jandarmomi da sojoji suna mutuwa a Tillaberi da Diffa suna tsare mu. Duk wanda ya ce ƴan sanda duka azzalumai ne ya yi irin abin da muke kuka da shi, ya raɗa wa jama'a guda suna don ya halatta jifan su.

Sai dai «umarni aka ba ni» ba ta wanke mutum. Tana raba laifi tsakanin mai umarni da mai aikatawa, kuma kason mai umarni ya fi girma, amma ba ta mai da na mai aikatawa sifili. Ba a taɓa ba da umarnin a ci gaba da dukan wanda ya riga ya faɗi, an ɗaure shi, yana roƙo, ba tare da wani ya zaɓi ya ci gaba ba. Chauvin ba shi kaɗai ba ne a wurin, akwai ƴan sanda uku tare da shi, biyu sun taya riƙewa, ɗaya ya tare jama'a. Shi aka yanke masa shekara 22 da rabi, su ma ukun kotu ta ɗaure su. Darasin shi ne mai tsayawa yana kallo da kaki a jikinsa yana da nasa kason. Kuma hukunta mai laifi gata ne ga ɗan sandan kirki, domin in ba a ware mai duka ba, jama'a za su ji tsoron kakin gaba ɗaya, su ɓoye wa mai bincike abin da suka sani. Wanda zai ci riba shi ne ɓarawon gaske.

Abin da ke hannunmu

Sojojin Faransa sun bar ƙasar nan a watan Disamba 2023, kuma yau kalmar ƴancin kai tana bakin kowa. Madalla. Amma ƴanci yana da awo, kuma awon ba a fadar shugaban ƙasa yake ba, yana cikin ɗakin tsare mutane na komisariyar unguwa, da ƙarfe biyu na dare, lokacin da ba kamara. Idan ɗan Nijar yana shiga can da irin tsoron da kakansa ya shiga ofishin kwamandan, to akwai sauran mulkin mallaka da bai hau jirgi ba.

Dokoki suna nan a rubuce. Nijar ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana azabtarwa tun 1998. A laifuffukan yau da kullum, tsare mutum don bincike awa 48 ne, ba a ƙarawa sai da izinin mai gabatar da ƙara. Wanda aka kama yana da haƙƙin ganin lauya. Mu da muka yi lakwal mun san wannan, ko muna iya sani cikin minti biyar. Ɗan kabu-kabu bai sani ba, don da Faransanci aka rubuta. Ɗaliban sashen shari'a nawa ne a jami'ar nan? Me zai hana a mai da waɗannan haƙƙoƙi Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek da Barbarci, a karanta su a fada, a tashar mota, a tura su cikin saƙon murya?

Sannan ƙungiyoyinmu su koyi fitar da sanarwa ko da wanda aka daka ba shi da katin ɗalibi. Ranar 9 ga Fabrairu, bayan an ambaci shahidanmu uku, a ware minti ɗaya don waɗanda suka sha duka ba wanda ya rubuta sunansu. In mun ga ana duka kuma ɗaukar hoto ba zai jefa mu cikin haɗari ba, mu ɗauka, mu adana, mu kai wa lauya ko ƙungiyar kare haƙƙi. Ba don yarinyar nan ta Minneapolis ba, da rahoton farko na ƴan sanda, wanda ya ce rashin lafiya ce ta kama Floyd, shi ne zai zama tarihi.

Mafi wuya shi ne na kasuwa. Ranar da aka yi ihun ɓarawo kana kusa, ɗan uwa, ƴar uwa, kada ka ɗauki dutse, kuma in kana da baki ka ce a kai shi hukuma da ƙafafunsa. Ranar da wayarka ce ta ɓace, aka kamo yaro, aka tambaye ka ko a matsa shi, ka ce a'a, a yi bincike. Za a ce maka sakarai, wataƙila ma wayar ta tafi ke nan. Wannan shi ne kuɗin da ake biya, kuma bai kai wanda Alio da Issaka da Abdou suka biya ba.